Kundin aiki: bin sawun Oscar Wilde a jaridun yammacin Amurka na 1882

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne don kada aikin bana ya bi ruwa kamar na bara. Abin da nake son haɗawa shi ne shirin sauti kashi huɗu, kowanne minti 20, kan yadda jaridun yammacin Amurka suka tarbi Oscar Wilde a 1882. Ina son a gama ɗauka kafin azumi, wato mako takwas gare ni.

Ga wanda bai san labarin ba: Wilde marubuci ne ɗan Dublin, yana da shekara 27 lokacin da jirgin ruwa mai suna Arizona ya iso da shi New York ranar 2 ga Janairun 1882. A lokacin bai rubuta ko ɗaya daga cikin abubuwan da aka san shi da su yau ba. Ɗan littafin waƙoƙi guda gare shi a kasuwa, sai baki, sai tufafi. Wani mai shirya wasanni, Richard D'Oyly Carte, yana da wasan waƙa mai suna Patience da ake yi a New York, wanda ke zolayar samarin Landan masu da'awar cewa kyau shi ne komai. Ya ga Amurkawa ba za su ji daɗin barkwancin ba tunda ba su taɓa ganin irin mutanen ba, sai ya ɗauko musu guda mai rai. An yi hayar Wilde ne ya zama talla ga wasan da ake yi wa irinsa dariya a ciki, kuma da saninsa ya karɓa. Ya yi lacca wajen 140 kafin ya koma a ƙarshen Disamba.

Ni ɓangaren yamma nake so: daga Omaha a watan Maris zuwa Kansas da Nebraska a ƙarshen Afrilu. Hoton da ke kaina shi ne na ɗan gayu mai wandon karammiski iya gwiwa a gaban masu haƙar azurfa da bindiga a ƙugu.

Kuɗin yau: data ₦9,000, babban littafin rubutu ₦1,500.

Talata, 7 ga Janairu

Rumbunan jaridu huɗu zan dogara da su, duka kyauta ne: Chronicling America na ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka, da na jihar Kalifoniya, da na Utah, da na Colorado. Yau rajistar kwanaki kawai na yi: gari, ranar lacca, zauren da aka yi ta.

Asabar, 11 ga Janairu

Wuni guda na kashe a kan kalma ɗaya. Me zan kira abin da mutumin nan yake wa'azinsa? Shi dai cewa yake a kewaye kai da abu mai kyau, kujera da kofi da bangon ɗaki, kuma aikin hannun magini da maƙeri ya fi kayan da inji ke fitarwa dubu-dubu. Ƙanena, da zai taya ni karatu a shirin, ya ce, "Yaya, ai wannan ɗan ƙwalisa ne kawai, me za ka wahalar da kanka?" Na buga wa tsohon malamina na adabi waya. Ya saurara har na gama, ya ce in na kira shi ɗan ƙwalisa tun a minti na farko, na riga na yanke masa hukunci irin na editocin da nake son in bincika. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, to me zan ce?" Ya ce in je in yi tunani, shi ya yi ritaya.

Abin da na tsayar: in ni ke magana zan ce aƙidar ƙawa. In muryar jarida ce, ƙanena zai ce ɗan ƙwalisa, da irin muryar da ya faɗe ta ɗazu.

Laraba, 15 ga Janairu

Bincike yana ba ni wuya. Na'urar da ta karanta tsoffin shafukan nan ta mayar da su rubutu ba ta gani sosai, tawada ta dushe, haruffa sun manne. Sau da yawa harafin ƙarshe na sunansa yakan ɓace, ya koma kalmar Turanci mai nufin abin daji. To a jaridun yamma na wancan zamani, komai na daji ne: doki, shanu, agwagwa. Na samu rahoton farauta ya fi a ƙirga. Dabarar da ta yi aiki ita ce haɗa sunan Oscar da sunan furen nan mai bin rana, domin kusan duk editan da ya ambace shi sai ya liƙa masa furen.

Lahadi, 19 ga Janairu

Abu na farko da ya sauya mini tsari. Wilde bai isa Omaha ba sai 21 ga Maris, amma jaridun yamma tun Janairu suke cin namansa. Wayar tangaraho ta haɗa gabas da yamma tun 1861, shekara takwas kafin layin dogo ya haɗu a 1869, don haka labari yana riga mutum isa da nisa. Ga kuma al'adar editoci ta yanko sakin layi daga jaridar wani gari su manna a tasu. Barkwanci guda sai ka gan shi yana tafe gari-gari, yau a nan, jibi a can, wani lokaci ba a ko sauya waƙafi ba. Zancen da aka ce ya yi, cewa tekun Atlantika bai burge shi ba, haka ya zagaye ƙasar. Haka ma labarin ɗaliban Harvard su 60 da suka shigo laccarsa ta Boston ranar 31 ga Janairu sanye da wando iya gwiwa da furanni a hannu, shi kuwa ya fito musu da kwat da dogon wando kamar kowa.

Ke nan mai karatu a Denver ya yi wata uku yana dariyar mutumin kafin ya gan shi. Kashi na ɗaya zai koma kan wannan.

Alhamis, 23 ga Janairu

Babu wuta kwana uku. Fetur lita 4, ₦4,200. Shafi ashirin kawai na sauke.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun ɗauki kashi na ɗaya. Makirfo ƙarama ta maƙalawa a riga ₦18,000. Mun jingina katifa a bango, mun rataya bargo a taga. Ya yi kyau fiye da yadda na zata.

Litinin, 27 ga Janairu

Aiki ya dawo sabo, kuma laifina ne.

Na buɗe kashi na ɗaya da labarin da kowa ya sani: wai jami'in kwastan a New York ya tambaye shi ko yana da abin da zai bayyana, ya ce babu, sai dai basirarsa. Na ma gina minti biyar na farko a kansa, har da cewa da wannan magana ya sayi jaridun Amurka. Daren jiya na zauna in ciro jaridar da ta fara buga ta don in faɗi sunanta a shirin. 'Yan jarida sun hau jirgin tun bai sauka ba, sun rubuta launin rigarsa da tsawon gashinsa da yadda yake dariya. Maganar kwastan kuwa babu ita a jaridun 1882. Farkon fitowarta a rubuce da aka sani a wani ɗan littafin tarin maganganunsa ne, The Oscar Wilde Calendar na 1910, shekara 28 bayan tafiyar, shekara 10 bayan mutuwar Wilde.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na shafe mako biyu ina yi wa editocin 1882 dariya kan kwafe abin da ba su tantance ba. Na faɗa wa uwargida, ta ce, "To ai kai ma edita ne yanzu, Malam." Ban amsa ba.

Daga yau kowane labari sai ya shiga ɗaya daga cikin layi uku a littafina: abin da jarida ta buga a makon, abin da shi ya rubuta a wasiƙa a lokacin, da abin da aka faɗa daga baya. Za mu sake ɗaukar minti bakwai na farko.

Asabar, 1 ga Fabrairu

San Francisco. Kwana huɗu ya yi a jirgin ƙasa daga Omaha, ya iso 26 ga Maris, aka sauke shi a Palace Hotel. Lacca huɗu ya yi a Platt's Hall, ya kuma zaga Oakland da Sacramento da San Jose da Stockton. Nan ne na ga zagi mafi zafi. Marubuci Ambrose Bierce, a mujallar The Wasp ta 31 ga Maris, ya kira shi sarkin waɗanda ba a iya jure wa, sannan ya jero masa sunaye kamar mai zuba kirari a juye. A fitowar nan dai aka zana shi a kan jaki yana shiga gari, jama'a na biye da furanni, ga jakar kuɗi. Bierce ya iya zagi, ban hana shi ba, amma ko jimla ɗaya daga laccar bai tsaya ya warware ba.

Abin da zan tsaya a kai shi ne kofin shayi. Wilde ya shiga unguwar 'yan Sin, ya ga leburori suna shan shayi a ɗan kofin tangaran siriri kamar fure, alhali a babban otal an kawo masa nasa a kofi mai kauri kamar an yi shi don jifa. Ya riƙa kawo wannan misali a laccocinsa. In ka karanta shi shi kaɗai sai ka ce hirar kayan kicin ce. Amma ka dubi sauran shafin jaridar. A makonnin nan babu abin da ake yi a Kalifoniya sai neman a hana 'yan Sin shigowa. Shugaba Chester Arthur ya ƙi sa hannu a ƙudurin farko ranar 4 ga Afrilu, Wilde yana jihar, sannan ya sa hannu a na biyu ranar 6 ga Mayu. A irin wannan gari baƙo ya ce wa masu kuɗi leburan da suke son kora ya fi su sanin abu mai kyau. Ba zan mayar da shi ɗan gwagwarmaya ba, shi kofin ne ya dame shi. Sai dai zan karanta labaran biyu a jere yadda suke a shafi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Zanen barkwanci na tara yau, raina bai yi daɗi ba. Washington Post ta 22 ga Janairu ta ajiye hotonsa kusa da na wani da ta kira mutumin dajin Borneo, tana tambayar nawa ne tazarar da ke tsakani. Harper's Weekly ta sa biri yana kallon fure. A Rochester ɗalibai sun sa wani baƙar fata ya yi shigar Wilde ya ratsa zauren don a yi dariya. Akwai katunan talla da aka zana baƙaƙe da 'yan Sin da 'yan Ailan riƙe da furen. Shi ɗan Ailan ne, kuma a wancan zamani zana ɗan Ailan da fuskar biri ba sabon abu ba ne a jaridun Turanci. Da shi aka yi niyya, amma da irinmu aka yi sandar dukan. Wannan ba ya cikin tsarina na farko. Zai samu minti huɗu a kashi na biyu.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Salt Lake City, 10 ga Afrilu. Kwana 19 kafin nan aka sa hannu a dokar Edmunds mai hukunta auren mace fiye da ɗaya, wadda aka yi domin mabiya ɗariƙar Mormon. Jaridar Deseret News ta cocin ce, Tribune kuwa abokiyar gabarta, don haka kowane rahoto sai na duba wa ya rubuta. Ya gana da shugabansu John Taylor. Babban zauren ibadarsu, daga baya ya ce kamar tukunyar miya yake. Minti uku sun isa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Mura da tari. Hazo ya yi yawa. Babu aiki.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Leadville, inda tun farko na ɗora dukan shirin.

Abin da ya tabbata: ya yi lacca a Denver ranar 12 ga Afrilu, washegari ya hau Leadville, garin azurfa da ke sama da mita 3,000 a kan duwatsu, mai mutum kusan 15,000 a ƙidayar 1880. Ƙarancin iska ya taɓa shi da isarsa. Ya yi magana a Tabor Opera House, zauren da attajirin azurfa Horace Tabor ya gina a 1879, kan ƙawata gida da aikin hannu. Da dare aka kai shi ramin haƙa, aka zura shi ƙasa a cikin guga kamar mai yasar rijiya.

Sai na cika layukana uku, abin ya ba ni dariya ni kaɗai a ɗaki. A wasiƙar da ya aika wa wata 'yar wasan kwaikwayo a Landan 'yan kwanaki bayan nan, ya ce da ya yi musu zancen masu zanen Florence na dā, barci suka yi abinsu. A wasiƙar ne kuma ya ce an ba shi abin huda dutse na azurfa ya buɗe sabuwar jijiyar azurfa da aka sa wa sunansa, ya so a ba shi hannun jari, aka ba shi ƙarfen kawai. A laccar da ya riƙa yi a Ingila a 1883 kuwa, masu barcin nan sun farka: ya karanta musu tarihin Benvenuto Cellini, maƙerin farin Italiya da ya mutu tun 1571, sun ji daɗi ƙwarai, suka ce me ya sa bai zo da shi ba. Da ya ce ya rasu, sai suka tambaya wa ya harbe shi. A nan ne kuma aka ji walimar ƙarƙashin ƙasa mai kwano uku, na farko wuski, na biyu wuski, na uku wuski, da allon mashaya mai roƙon kada a harbi mai kaɗa fiyano don iyakar ƙoƙarinsa yake yi.

Duk abubuwan da suka ja ni ga aikin nan, ashe daga bakinsa suka fito, yana ba Turawan Ingila irin yammacin da suka biya kuɗi su ji. Rahotannin jaridu na tafiyar kuwa ba su da wannan armashi. Abin da suke maimaitawa daga gari zuwa gari shi ne karammiski da safar siliki da gashi har kafaɗa, da cewa yana magana da murya ɗaya ba hawa ba sauka. Editoci sun ƙera Wilde nasu tun bai zo ba don su sayar da jarida, shi ma ya ƙera masu haƙa nasa bayan ya tafi don ya sayar da tikiti. Mutanen da suka zauna a zauren daren nan su ne ban ji muryarsu ba a ko'ina.

Abu guda da ya faɗa tun yana Amurka, kuma na yarda da gaske yake: cewa masu haƙar nan sun fi kowa iya sa kaya a ƙasar, saboda faffaɗar hula da dogon takalmi da mayafinsu duk aiki ne ya tsara su. Ya yi daidai da abin da yake wa'azi tun New York.

Na kira Malam na karanta masa. Ya ce to yanzu na samu shiri, dā tatsuniya gare ni.

Talata, 18 ga Fabrairu

Mun ɗauki kashi na biyu da na uku, duka sun lalace. Maƙwabta sun tayar da injin markaɗe muna tsakiyar San Francisco. Muka ce ƙaramar makirfo ba za ta ɗauka ba. Ta ɗauka, har da canjin ƙarar da yake yi in an zuba sabon ƙullu. Na gwada goge ƙarar da manhaja, muryar ƙanena ta koma kamar yana magana daga cikin randa. Awa uku sun tafi, ga fetur ₦3,000. Daga yanzu bayan sallar asuba za mu riƙa ɗauka, kafin unguwa ta tashi. Ƙanena ya ce, "Yaya, sai dai a ƙara mini da shayi da ƙwai." An amince.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

An sake na biyu. Kuɗin data ya tashi, abin da na saya ₦9,000 a Janairu yanzu ya haura ₦13,000.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kashi na huɗu ya samu ƙashin baya. Wilde ya isa St. Joseph a Missouri ranar 18 ga Afrilu. A garin ne Robert Ford ya harbe ɗan fashin nan Jesse James ranar 3 ga watan. Ranar 17, jajibirin laccar, aka gurfanar da Ford da ɗan'uwansa, suka amsa laifi, aka yanke musu hukuncin rataya, gwamna Thomas Crittenden ya yafe musu, duk a wuni ɗaya. Ka ce wane edita ne zai bar wannan ya je jin yadda ake zaɓen labule? An samu wanda ya ƙwace masa shafin farko, kuma gawa ce.

Shi ma ya lura. A wasiƙunsa ya ba da labarin yadda aka yi gwanjon kayan gidan James, mutane na rububin tarkace don su ajiye na tarihi, ya ce Amurkawa masu son gwarzo ne, kuma daga cikin masu laifi suke zaɓensa. Wanda ya faɗi haka shi ne mutumin da ake buga hotonsa a tallan kaya ba izini, har mai ɗaukar hoto Napoleon Sarony ya kai wani kamfani ƙara kan kwafi 85,000, ya yi nasara a kotun ƙoli a 1884. Zan rufe shirin da wannan mako na Missouri, in bi shi a gurguje ta Leavenworth da Topeka da Lawrence da Atchison, in tsaya a Lincoln ranar 24 ga Afrilu. A Kansas furen nan nasa ciyawa ce da ke fitowa a bakin hanya.

Laraba, 26 ga Fabrairu

An ɗauki na uku da na huɗu. A na uku ƙanena yana karanta labaran Leadville, ni kuma bayan kowanne ina faɗin layin da ya fito, jarida ko wasiƙa ko laccar 1883. Uwargida ta saurara ta ce na ɓata wa mutane labari mai daɗi. Na rage katsalandan ɗin daga bakwai zuwa huɗu.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Lissafi zuwa yau: data ₦31,000, fetur ₦14,500, makirfo ₦18,000, littafi da buga takardu ₦6,000, shayi da ƙwai ₦4,800. Jimla ₦74,300, na tsara ₦50,000.

Abin da ya rage: minti bakwai na farkon kashi na ɗaya har yanzu ba a sake su ba, na yi ta ɗagawa. Sai gyaran sauti na kashi huɗun. Sai jimla biyu a ƙarshe don masu tambayar yadda ya ƙare: an ɗaure shi shekara 2 a Ingila a 1895, ya mutu a Faris ranar 30 ga Nuwamban 1900. Yau ake duban wata. In an tashi da azumi gobe, za mu ɗauki minti bakwai ɗin bayan sahur, gyaran sauti kuma kashi ɗaya kowane mako, a saki na farko bayan salla. Shafukan kudu da na riga na sauke, na New Orleans da Galveston da ziyararsa gidan Jefferson Davis, tsohon shugaban jihohin kudu da suka ɓalle a yaƙin basasa, a watan Yuni, na tura su wani babban fayil daban, ban buɗe ba.